Jegon da Ban Ƙarasa Ba a Ƙasar Ƙanƙara

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, muna zaune a falon Hajiya Maimuna a unguwarmu Hindawiyya, nan Makka: ni, da ita, da Zulai mai sayar da turare, da Asabe matar ƙanena. An zuba shayi zagaye na biyu sai Zulai ta ajiye kofinta ta ce, "Wai ke Rakiya, har yau ba ki ba mu labarin ƙasar ƙanƙara ba." Karo na bakwai ke nan da aka yi mini wannan tambaya cikin kwana biyar da dawowata. Na kuma san ba ƙanƙara ake tambaya ba. Abin da ake so a ji shi ne me ya dawo da ni Makka alhali 'yata Hafsa ba ta yi arba'in ba, ni da na yi wa 'ya'yan mutane wankan jego a unguwar nan shekara da shekaru ban taɓa tsallake wa kowa kwana ɗaya ba.

Ban amsa a wurin ba, domin ba na son ina magana ana katse ni. Na ce zan rubuta. To ga shi, daki-daki. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta gaba, a daina tare ni a bakin masallaci.

Hafsa ita ce autata. Shekara bakwai ke nan da mijinta Abdulƙadir, wanda ya tashi a unguwar Nakkasa nan Makka, ya tafi da ita wani gari a arewacin Suwidin, inda yake tuƙa bas ta cikin gari. Ta haifi Juwairiyya, yanzu shekararta biyar, ta haifi Mu'azu mai shekara uku, duk ba na nan, saboda takardu. A ciki na uku na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na je na yi mata jego da hannuna. Na sabunta iƙama, wato takardar zamana a Saudiyya, na yi bizar fita da dawowa, na jira ta wancan ɓangaren har na gaji. Aka haihu ina jira, aka yi suna ina jira. Mace ce, aka sa mata sunana, suna kiranta Ummi. Biza ba ta fito ba sai da yarinya ta kwana bakwai.

Ga abin da na ɗaure: kanwa, busasshen ganyen darbejiya, niƙaƙƙen gero, yaji, citta, kanumfari, kilishi, man shanu, turaren wuta, da dabino. Ɗana Usman ya kai ni Jidda a tasinsa. Duk hanya yana cewa, "Inna, can fa ba a yi wa mutane faɗa a titi." Na ce masa ya kalli gabansa.

A Istanbul muka sauya jirgi. A wurin jira na zauna kusa da wata 'yar Somaliya, dattijuwa, ita ma can ta nufa. Ta dubi ƙafata, silifas da safa biyu, ta tambaye ni da Larabci ko na taɓa zuwa. Na ce a'a. Ta yi dariya har ta dafe ciki. Na ce, "Baiwar Allah, idan da magana ki faɗa, dariya ba ta da amfani." Ta ce, "Hajiya, maganar ba ta faɗuwa, sai kin taka." Daga baya ta raba burodinta da ni, kuma ita ta nuna mini layin da zan bi. Ban riƙe ta a zuciya ba.

A bakin shiga ƙasar suka buɗe akwatina. Wani saurayi mai farin gashi kamar na tsoho ya sa safar hannu ya fara fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kilishi ya ajiye gefe. Man shanu ya ajiye gefe. Da ya zo kan kanwa sai ya tsaya, ya kira na biyu, na biyu ya kira wata mata da kare. Kare a kan kayan jego! Na ce da Hausa, na ce da Larabci, ba wanda ya ji. Sai na ɓalli kanwar na sa a baki na tsotsa a gabansu. Suka tafi da ita wani ɗaki, na zauna minti hamsin a kan benci, sannan suka dawo mini da ita da fara'a. Kilishi da man shanu kuwa an jefa a kwandon shara ina kallo, wai nama da mai ba sa shiga. Da me mai jego za ta yi ƙarfi? 

Jirgi na uku ƙarami ne. Da muka sauka na tarar da Abdulƙadir riƙe da wata riga mai kauri kamar katifa, da takalmi irin na sojoji. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, ku sa tun a nan ciki." Na ce masa mayafina ya ishe ni zuwa mota. Ƙofar ta buɗe da kanta. Kun san tallajar naman Alhaji Sabo, ƙaton firijin nan na bakin kasuwa? Ku ɗauka an tura ku ciki an kunna fanka. Hancina ya manne daga ciki. Na dawo da baya na karɓi rigar, bai ce komai ba, kuma na gode masa da bai ce ba. Ƙarfe biyu da rabi na rana ne, amma gari ya yi duhu kamar bayan magariba.

Gidansu ɗaki uku ne a ƙasan wani bene mai hawa huɗu, da 'yar baranda mai kallon fili. Ciki akwai ɗumi, wannan ba zan ɓoye ba. Hafsa ta tare ni a bakin ƙofa tana kuka, ni ma na yi. Da na gama sai na dube ta da kyau. Kwana tara da haihuwa, kanta ba ɗankwali, ƙafarta ba safa, a hannunta kofin ruwan famfo mai sanyi. Na karɓe kofin kafin in cire takalmi.

Mu'azu ya ɓuya bayan labule. Na ce, "Maigida, haka ake yi? Amaryarka ta taso tun daga Makka ka gudu? To ina kuɗin cefane?" Bai ji ko ɗaya ba. Juwairiyya ce ta fassara masa da yaren ƙasar, sannan ta juyo ta ce, "Sitti, ya ce ke ba matarsa ba ce, kin tsufa." Hausarta guntu-guntu ce, ta haɗa da Larabci, shi ya sa take ce mini Sitti maimakon kaka, amma ba ta jin kunyar kowa. Ita ta zama tafintata.

Washegari na tsara aiki. Asuba, in ɗora ruwa. Ruwan famfonsu yana da zafi amma bai kai na jego ba, don haka tukunya huɗu nake ɗorawa in zuba ganye, in juye a bokiti. Wanka da safe, wanka da yamma, kunun kanwa bayan kowane. Ranar farko Hafsa ta yi ihu ta ce, "Inna, za ki dafa ni!" Na ce, "Yayyenki uku na dafa, ga su nan da ransu." Ta daure. Bayan wanka na kunna turaren wuta in turara ta, sai wani farin abu a rufin ɗaki ya fasa kururuwar da ban taɓa jin irinta ba. Ummi ta tsorata, Mu'azu ya shige ƙarƙashin tebur, Hafsa ta hau kujera da tawul tana fifita abin. Mai jego a kan kujera! Ashe ƙararrawar gobara ce. Daga ranar aka hana turare.

Wannan kururuwa ce ta kawo mana maƙwabciya, wata tsohuwa Bargita da ke hawa na biyu. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, doguwa, ita kaɗai a gidanta. Ta shaƙi turaren ta ce yana da daɗi. Bayan kwana biyu ta kawo mini safar ulu da ta saƙa da hannunta. Na ba ta dabino. Mace ce mai tsari, kuma ina girmama mai tsari ko ba addininmu ɗaya ba.

Ita ta fara nuna mini ɗakin wanki. A ƙarƙashin benen yake, na kowa da kowa, kowane gida da mabuɗinsa. Akwai allo a bango, kowa ya kama ranarsa da sa'arsa, ba mai shiga lokacin wani. Namu Alhamis ne. A ciki akwai wani ɗaki na shanya inda iska mai zafi ke busawa. Da na shiga na tsaya, sai na ji kamar ina Hindawiyya da hantsi. Duk ƙasar nan ba inda ya yi mini kamar wurin.

Abincinsu ba zan daɗe a kai ba. Burodi ne mai tauri kamar katako, kifi mai zaƙi, da dankali ba yaji. Yara kuma da safe ana ba su wani fate da jajayen 'ya'yan itace masu tsami. Na yi tuwo da miyar kuka ran nan, Mu'azu ya taɓa da yatsa ya ce laka ce. Sallah kuwa, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu, ba kiran sallah, sai waya ta yi ƙara. Wadda ta saba jin ladanin Harami daga tagarta ta san abin da nake nufi.

Fita da yara shi ne babban aiki. Na ƙirga: rigar ciki da wandon ciki na ulu, riga ta biyu, safa biyu, sannan wata riga haɗe da wando mai zif tun daga wuya, hula, safar hannu, takalmi. Yaro ɗaya minti goma sha biyar idan bai yi gardama ba, Mu'azu kuwa kullum sai ya yi. Ranar da na fara shirya shi ni kaɗai, na ja zif na ƙarshe ina gumi, ya dube ni ya faɗi kalma ɗaya. Juwairiyya ta ce, "Sitti, fitsari." Na ce, "Tun ɗazu bakinka ɗinke yake?" Muka kwance komai muka sake daga farko.

Kuma kullum sai an fita. Ko dusar ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe gari, sai an kai su makarantar renon yara, can ma a waje suke yini suna birgima. Ana jan su a kan wani farantin roba mai igiya. Na ja Mu'azu sau ɗaya, ƙafata ta zame, na zauna daɓas a gaban mutane. Ba wanda ya ce sannu, kowa ya kawar da kai, wai kada in ji kunya. A Hindawiyya da mutum goma sun ɗaga ni, biyar sun raka ni gida. Juwairiyya ta tsaya a kaina ta ce, "Sitti, ke ba ki iya ƙanƙara ba. Yi tafiyar agwagwa." Na yi tafiyar agwagwa har gida.

Duk wannan mai sauƙi ne. Yanzu zan zo kan abin da ya dawo da ni.

Ranar da Ummi ta kwana goma sha shida, wata malamar asibiti ta zo gida duba su. Ta auna yarinya ta ce lafiya lau. Ta ga tukwanena a kan wuta ta yi tambaya, ta ɗanɗani kunu ta sake tambaya. Hafsa ta fassara mini a taƙaice: wai ruwan ya yi zafi da yawa, kanwa kuma tana wahalar da zuciyar mai jego, a daina. Na ce a tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa. Hafsa ta ƙi fassarawa. Bayan kwana biyu Juwairiyya ta ce mini, "Sitti, Mama tana ba wa famfo kununki." Na tashi tun asuba ina dama kunu, ashe rariya nake ciyarwa. Na haɗiye, na ce wanka dai ba za a fasa ba.

A ranar da malamar ta zo ne kuma, bayan azahar, na fito daga banɗaki na ga Hafsa tana naɗe Ummi cikin wata jakar fatar tunkiya, ta sa ta a keken jarirai, ta tura keken baranda, ta rufo ƙofa.

Na ce, "Me kike yi?"

Ta ce, "Barci za ta yi, Inna."

"A waje?"

"Minti arba'in kawai. Haka ake yi a nan. Juwairiyya da Mu'azu duk haka suka yi, ga su nan. Sun fi yin barci mai nauyi, kuma ba sa yawan mura. Ga na'ura a kusa da kanta, ko tari ta yi zan ji."

Na ce, "Hafsa, a gidan ubanki ko nama aka ajiye a wannan sanyin sai an tausaya masa. Jaririyar da cibiyarta ba ta gama warkewa ba? Mu da muke kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki a tsakiyar zafin Makka saboda mai jego?"

Ta ce, "Makka daban, nan daban."

"Sanyi ɗaya ne ko'ina. Shi ke shiga ƙirji ya kwanta, sai bayan shekaru ya tashi."

Ta leƙa da ni ta taga ta nuna mini barandar wasu gidaje biyu, kowace da keke a ajiye. Da yamma Bargita ta sauko, aka sa ta a maganar. Ta ɗaga yatsu huɗu, wai 'ya'yanta huɗu duk a waje suka yi barci. Na ce wa Juwairiyya ta tambaye ta ina 'ya'yan suke yanzu da suka bar ta ita kaɗai. Hafsa ta toshe wa yarinya baki.

Na kai ƙara wurin Abdulƙadir. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Mu ma da farko mun ji tsoro." Shi ke nan abin da na samu daga gare shi. Na fahimci abu ɗaya: a wurinmu jariri ba ya rasa hannu, daga bayan wannan sai cinyar waccan. Su ba su da hannuwa, shi ya sa suka ba wa baranda reno. Amma ni ga ni na zo, ga bayana, ga zanena. Me ya rage wa baranda?

Kwana biyar ina zaune a bakin ƙofar gilashin nan ina kallon keken, ina jan carbi, Hafsa tana ɗaki tana barcinta da agogo a kusa. Kowace rana mu yi faɗa. Ran nan har na ce mata, "Wallahi wata rana za ki tashi ki tarar na ɗauke takwarata mun tafi." Magana ce irin ta kaka, kowa ya san ta.

A rana ta shida na yanke shawara. Da Hafsa ta shiga ɗaki, yara suna makaranta, sai na buɗe baranda a hankali na ciro Ummi, na goya ta, na yafa babbar rigar nan, na sauka ɗakin shanya. A cikin gida ba zai yiwu ba, motsi kaɗan uwar za ta ji. Na zauna minti talatin a cikin ɗumi, na hawo na mayar da ita keke kafin agogo ya buga. Hafsa ta fito ta taɓa wuyan yarinya ta ce, "Kin gani, Inna? Da ɗuminta." Na ce na gani. Haka na yi rana ta biyu, haka na yi ta uku.

Rana ta huɗu, wato kwana ashirin da huɗu da haihuwa, Litinin ce. Na sauka ƙarfe goma sha biyu da minti goma. Wani ya bar zannuwan gado a kan igiya, iskar tana busawa, Ummi tana numfashi a bayana. Na jingina kafaɗata da bango. Ni da ban san barcin rana ba tun ina budurwa, ranar ya ɗauke ni.

Hannun Bargita ne ya tashe ni. Ƙarfe biyu ne, lokacin wankinta. Kwandonta yana ƙasa a kife. Ta ɗaga rigar ta leƙa bayana, ta ga yarinya, ta faɗi wata kalma da ƙarfi, sannan ta kama wuyan hannuna ta ja ni sama kamar ɓarauniya.

A bakin gidan akwai motar 'yan sanda. Maƙwabtan da ban taɓa jin muryarsu ba suna tsaye cirko-cirko, wasu sun dawo daga bakin kogi, wasu daga tashar bas. Abdulƙadir da kayan aikinsa, ya bar motar mutane ya taho. Ashe Hafsa ta tashi ɗaya saura minti goma ta tarar da keke wayam, ni ma ba na nan, wayata kuma tana kan darduma. Ba ta kawo ɗakin wanki a ranta ba tunda ba ranarmu ba ce. Abu biyu ta kawo: ko wani ya miƙo hannu ta baranda, ko kuwa na cika maganata na fita da jaririya a garin da ban san gabas ba.

Tana tsakiyar fili lokacin da ta hango mu. Rigar barci ce a jikinta, kanta a buɗe, ƙafarta cikin silifas ɗina, dusar ƙanƙara har ƙauri. Fiye da sa'a ɗaya tana yawo a haka. Mai jegon da na kwana goma sha biyar ina gasawa. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Hafsa, kanki!"

 Ta zagaya bayana ta kwance goyon da hannunta, ta rungume yarinya ta shige gida.

'Yan sandan mace da namiji ne, ba su ɗaga murya ba. Suka duba Ummi, suka rubuta sunana da na iyayenta, suka tambaya ta bakin Abdulƙadir ko na san uwar ba ta sani ba. Na ce na sani. Suka tambaya ko na taɓa yi. Ban iya ƙarya ba, na ce sau uku. Hafsa tana jin haka ta ɗago kai.

Da suka tafi, Abdulƙadir ya fita ɗauko yara. Ta ce, "Sau uku."

Na ce, "Sau uku. Kuma da ban yi barci ba, da har arba'in."

"Kina kallona ina taɓa wuyanta ina murna."

"Ɗumin da kika ji na bayana ne, ba na fatar tunkiya ba."

Hafsa idan ranta ya ɓaci Larabci take komawa, tun tana ƙarama. Ta yi ta zubawa. Ta ce na san abin da ake nufi a rubuta sunan baƙo a takarda a kan maganar yaro? Ta ce ta leƙa ƙarƙashin gada tana neman mayafina a kan ruwa. Ta ce haihuwa biyu ta yi ita kaɗai, ba uwa ba dangi, ta koyi yadda ake raya yara a ƙasar da rana ba ta fitowa, sai yanzu zan zo in nuna mata ba ta iya ba. Na ce, "Ni na hana kaina zuwa? Kuma da Hausa za ki yi mini magana, ni na haife ki."

Sai ta koma Hausa, a hankali. "To, Inna. Halas, shi ke nan. Ba wanka, ba kunu. Kuma kada ki sake ɗaukar Ummi sai ina wurin."

Na ce, "In ba wanka, ba kunu, ba goyo, zaman me nake yi a gidan nan?"

Na jira. Kalma ɗaya ce, "zauna", kowa ya san ta. Ta sunkuyar da kai tana ba yarinya nono.

Da Abdulƙadir ya dawo na ce ya sauya mini tikiti. Ya ce, "Hajiya, don Allah ku bari a huce." Na ce ba shi zai faɗa ba. Kwana uku aka yi kafin jirgi. Kwana ukun nan na ci gaba da ɗora ruwa da asuba, tukunya huɗu, ya tafasa ya huce a bokiti ba wanda ya taɓa. Tana gaishe ni, ina amsawa. Tana tura keke baranda, ina shiga ɗaki in rufe ƙofa. Juwairiyya ta same ni ina ninke kaya ta ce, "Sitti, don kin sace Ummi aka kore ki?" Na ce ba a satar abin da yake naka, kuma ba wanda ya kore ni. Mu'azu ya kawo mini safar hannunsa guda ɗaya ya sa a akwati. Ban san me yake nufi ba, tana nan a wurina.

Ranar tafiya na rubuta tsarin wanka a takarda, safe da yamma, da yawan ganyen da ake zubawa, na manna a ƙofar tallaja. Na bar ganyen a kan kantar kicin inda za ta gani. A bakin ƙofa ta gyara mini wuyan riga ta ja zif har sama, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna." Na ce amin. Ko a nan da ta faɗa, da na cire takalmin.

Laifina ɗaya ne kuma na san shi: na yi abu a ɓoye, har na fitar da mai jego cikin ƙanƙara da ƙafata, abin da na je hanawa. Wannan tsakanina da Allah. Amma ban yarda jaririya ta kwanta a baranda ba, ba zan yarda ba, kuma wadda ta zo ta ce mini ai zamani ne kada ta sha shayina. Tun da na sauka Abdulƙadir ne ke kira yana tambayar gajiya. Ita ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Uwa ba ta fara kira.

Yau kwana talatin da huɗu da haihuwa, saura shida. Ta yi sa'a guda a cikin sanyin nan da kai a buɗe, kuma ban san ko ruwan zafi ya taɓa jikinta tun ranar ba. Maimuna, Zulai, Asabe, duk kuna da lambarta, kuma tana jin nauyinku. Ɗaya daga cikinku ta kira ta yau, kafin la'asar ɗinmu, lokacin yara ba su dawo ba. Ku yi mata barka, ku tambayi Ummi. Sannan ku tambaye ta ko ƙafarta tana kumbura, ko tana tari, ko tana wankan. In ta ce ba ta yi, kada ku yi mata faɗa, ku ce ko na yamma kaɗai ta riƙa yi har kwana shidan su cika. Kada ku ce ni na aiko ku. Abin da ta faɗa kuma ku zo gida ku gaya mini yadda ta faɗe shi, kada ku rage komai.